Yadda Yaya Ya Ƙaurace wa Bas Mai Lantarki

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Injiniya,

A sani, a kuma sanar da wanda bai sani ba, na kusa da na nesa, mai karatu da wanda ake karanta wa: a yau Talata, ni Baffanki, tsohon magatakardar kotu, na cika kwana uku cur da farar riga ɗaya a jikina, kuma kwalarta ba ta yi baƙi ba. Rabon da a ga irin wannan a titinmu tun kafin a haife ki. Na gabatar da rigar a matsayin shaida gaban matata, wadda kin san a gidan nan Kotun Ƙoli muke kiranta, domin ba a ɗaukaka ƙara bayan ta yi magana. Ta juya kwalar, ta kai ta bakin taga, ta shinshina, sannan ta yanke hukunci cewa kwala dai fara ce, amma batun hammata sai an sake zama.

Bayan wannan sanarwa, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kuma waccan masana'anta taku ba ta hana ki cin abinci a kan lokaci. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da taurin kanta. Kotun Ƙoli kuwa, tarin nan nata na shekara goma sha ɗaya ya tattara ya bar gidan, ko sallama bai yi ba. Mahaifinki, Yayana, yana cin abincinsa yana faɗansa, wato lafiyarsa ƙalau.

Dalilin farin kwala da tafiyar tari duk ɗaya ne. Mako shida ke nan da hukumar gari ta kwashe tsofaffin bas-bas masu shan dizal, ta zuba mana masu lantarki, irin waɗanda kike haɗa wa batir a can. Sun shimfiɗa sola a rufin tasha, sun ware wa masu keke gefensu, sun dasa itatuwa waɗanda a yanzu ba su fi sandar tsoho ba, amma an ce za su yi inuwa. Tagarmu ta sama da muka toshe da tsumma tun shekarar da na yi ritaya, mun buɗe ta. Ashe akwai tsuntsaye a unguwar nan. Ashe kuma maƙwabcinmu tela yana zagin almakashinsa kullum da safe, ba mu taɓa sani ba.

Sai dai kowace daula da ɗan tawayenta, namu kuwa a hawan ƙasa yake kwana. Mahaifinki, wanda ya riƙe sitiyarin lamba bakwai shekara talatin da huɗu bai taɓa goge ko madubin wani ba, ya shiga sabuwar bas sau ɗaya tak a makon farko. Ya fita da safe, bai dawo ba sai la'asar sakaliya, takalmansa sun yi futu-futu, fuskar nan a murtuke. Na tare shi a bakin matakala na ce, "Yaya, me ta yi maka?"

Ya ce, "Ba ta yi min komai ba. Ko gaisuwa."

"To za ka sake shiga?"

Ya ja numfashi ya ce, "Motar da ba ta da murya, ba ni da abin da zan ce mata."

'Yata, na shekara talatin ina rubuta maganganun lauyoyi, ban taɓa jin jimla mai nauyin wannan ba. Nan take na hau sama na kafa Ƙungiyar Masu Ƙaurace wa Motar da Ba Ta Gaisuwa. Yaya ne shugaba na har abada, ni ne sakatare, ko da yake sakatare yana shiga bas ɗin a ɓoye saboda gwiwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kin yi tambaya a kan asibitin ido. Na tuna masa, ya ce ƙafafunsa sun san hanya tun kafin a kawo lantarki. Ki rubuto da hannunki. Kin san ra'ayina game da waya: rubutu ne a kan ruwa.

Baffanki,
Sakatare

19 ga Maris

Baffa,

Na gaishe ka, na gaida Inna Kotun Ƙoli, ina taya ta murnar rabuwa da tari. Wannan layin na karanta shi sau uku, har na nuna wa abokan aikina, don mu nan waya da ƙusa kawai muke gani, ba ma ganin inda abin yake zuwa. Ni lafiyata ƙalau, sai tsayuwar awa goma da ke kumbura min ƙafa.

Na yi dariya a kan hammata. Da na kai kan Baba sai dariyar ta tsaya. Baffa, kai ka ɗauki abin wasa, ni kuwa na san da wa yake. Ranar da na gaya masa aikin da na samu, yana zaune yana goge hannunsa da tsumma, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Wato ke za ki je ki haƙa wa sana'ata kabari." Shekara huɗu ke nan. In na kira shi a waya, "Lafiya lau, madalla, sai an jima." Motar da ba ta da murya ba shi da abin da zai ce mata. Na ji. Ai ni ce motar.

To, ya yi fushi da ni, uba ne, yana da iko. Amma ido ba ruwansa da faɗanmu. Bari in maimaita maka abin da likita ya faɗa a gabana da na zo bara, don na san Baba ba zai faɗa maka daidai ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ne ya rage, kuma ana iya riƙe shi shekaru masu yawa, amma da sharaɗi: a auna shi duk wata, a ba shi maganin ɗigawa, wanda a asibitin kaɗai ake ba da irin nasa. Ciwon ba ya zafi, ba ya ja, sata yake yi. In ya tsallake watanni, abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Lamba bakwai a ƙofar asibitin take ajiye mutum. A ƙafa kuwa tafiyar awa biyu ce, ga hawan gada. Ban yarda mutum mai shekara saba'in da ɗaya zai yi ta duk wata ba. Don Allah ka duba katinsa da idonka, suna buga hatimi duk zuwa. Ka ce masa ya tsani motar in yana so, ya yi mata tsaki in ya sauka, amma ya shiga.

Na nemi hutu a watan Mayu. In an ba ni zan zo.

'Yarka

6 ga Afrilu

'Yata Injiniya,

Gaisuwa irin ta uba ga 'ya. Ki riƙa ɗora ƙafafun nan a kan matashi in kin dawo daga aiki. Gwiwata ta nemi a ɗage zama har sai ruwa ya ɗauke. Kotun Ƙoli ta sayi keke, a wannan shekarun nata, tana zuwa kasuwa da shi ta sabuwar hanya, ni kuma ina tsayawa a taga ina karanta abin da na iya.

An saurari ƙorafinki a kan kati. Na sauka da kaina na nemi a gabatar da shi. Shugaba ya juyo ya ce, "Ni kake bincike? Ni na koya maka ɗaura wando." Na duba duk littattafan da na baro kotu da su, ban sami sashen da ya ba ƙane ikon caje ɗakin wansa ba, don haka na janye. Amma akwai shaidar gani da ido: kullum bayan karin kumallo yana fito da 'yar kwalbarsa ya ɗiga a idon dama a gabanmu. Wanda ke ɗiga magani ai ya karɓo magani. Ki kwantar da hankalinki.

Batun gwagwarmaya kuwa, sai hamdala. Kullum ƙarfe takwas mahaifinki yana fita cikin rigar da ta sha guga, ya je ya tsaya a matsayar bas da ke gaban kanti. Bas ta zo shiru kamar kyanwa, ta buɗe ƙofa. Shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba: yana tsaye ƙyam, kai a karkace, kamar mai jiran wani saƙo daga sama. Ƙofa ta rufe, bas ta wuce, wata ta zo. Haka har ƙarfe goma sha ɗaya, sannan ya juyo gida a hankali yana bin jikin bango, tafiyar manya. Ban taɓa ganin zanga-zangar lumana mai kwarjinin wannan ba. Yanzu mu biyar ne a ƙungiya, da tela, da mai kanti, da wani tsohon makanike da ya shiga saboda ya ji za a riƙa ba da shayi. Na rubuta wa shugaba takardar naɗi da tawada kala biyu na miƙa masa. Ya riƙe ta, ya ce in karanta masa da kaina, wai muryata ta kotu ta fi dacewa da irin wannan takarda. Na karanta sau biyu.

Kotun Ƙoli ta kawo ƙorafi cewa shekaranjiya Yaya ya tsiyaya shayi a kan tebur, kofin yana gefe. Na ce rawar hannu ce ta tsufa. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka sami abin rubutawa." Wannan shi ne karo na farko a tarihin gidan nan da na yi watsi da ra'ayinta.

Yanzu ga abin da ban so rubutawa ba, amma magatakarda ba ya rage magana, ba ya ƙarawa. Na ce masa, "Yaya, 'yarka za ta zo a watan Mayu." Ya ce, "Ka ce mata kada ta zo. Ta zauna inda take."

Na ce, "Haka zan rubuta?"

Ya ce, "Haka za ka rubuta."

Ga shi na rubuta. Ni dai shawarata ki zo, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Fushin manya kamar tsohon inji ne, ƙara ce da hayaƙi, ba ya zuwa ko'ina.

Baffanki

28 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. A gaida Inna, a ce ta riƙa kula da shan kwana a kan keken nan. Ina lafiya.

An ba ni hutun, na bar wa wata abokiyar aikina da za ta aurar da ƙanwarta. Tunda an ce in zauna inda nake, na zauna. Ba zan zo in tsaya a ƙofar ɗaki ana amsa min da "madalla" ba, na gaji da wannan tsayuwar.

Ana buɗe sabuwar tashar caji a wani gari can gaba, ana neman wanda zai je ya yi wata uku. Kowa yana gudu saboda nisa, ni na ɗaga hannu. Wasiƙa za ta riƙa daɗewa kafin ta same ni, sai an tara an aiko mana.

Na ji daɗin batun maganin. Tunda yana ɗigawa, shi ke nan, abin da nake nema ke nan. Sauran kuma ku ci gaba da ƙungiyarku. Ka gaya wa shugaba motar ta ji saƙo.

'Yarka

3 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki. Mu biyu na sama lafiya. Mahaifinki yana raye, yana ci yana sha. Na fara da wannan ne don kada ki tsallake layi kina neman mummunan labari. Labarin yana ƙasa, zai jira ki.

Wasiƙata ta watan Mayu, wadda na cika shafi huɗu da rahoton taron ƙungiya, in ta iso ki ƙona ta.

Ranar Alhamis na shiga lamba bakwai a ɓoye kamar yadda na saba. Da muka kai tashar ƙarshe, direbar, wata mata mai kimanin shekara arba'in, ta fito daga kujerarta ta tare ni.

"Baba, kai ne ƙanen Babban Direba?"

Na gyara tsayuwa na ce ni ne, kuma sakatarensa.

Ta ce, "Ni kwandastarsa ce ta dā, shi ya koya min tuƙi. Wata biyar kullum ina tsayawa a gabansa, ina buɗe ƙofa, ina ɗaga masa hannu, bai taɓa amsawa ba. Na ɗauka fushi yake da ni don na koma lantarki, kunya ta hana ni magana. Jiya na ce yau dai sai na ba shi haƙuri. Na ja birki na sauko, na tsaya a gabansa, taku biyu tsakaninmu, na rasa ta inda zan fara. Ka san me ya ce min?"

Na ce ban sani ba.

"Ya ce, 'Malam, ɗan matsa, ka tare min iska.'"

Ban san yadda na dawo gida ba. Na shiga ɗakinsa ba sallama, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na jawo durowa a gabansa, bai hana ni ba, domin bai ga abin da nake yi ba. Hatimi na ƙarshe a katin na watan Janairu ne. Na buɗe kwalbar maganin na ɗiga a harshena. Ruwan famfo ne.

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Zauna, ka daina numfashi kamar tsohuwar salansa."

Ga abin da ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Tun ƙarshen bara ba na ganin lambar mota. Amma ban damu ba. Lamba bakwai tana da tari a giya ta biyu, tun daga kwanar gidan mai nake jin ta. Lamba uku birkinta na kuka. Sha biyu ƙofarta na atishawa. Na san su kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Sai aka wayi gari an kwashe su, aka kawo waɗannan, launi ɗaya, tsawo ɗaya, duk bebaye. Na shiga wadda ta fara tsayawa, ta kai ni bayan gari wajen masu buga bulo. Na kama hanya a ƙafa. A babban titi wata baiwar Allah ta kama hannuna ta tsallakar da ni tana cewa, 'Sannu, Baba makaho.' Titin da na yi shekara talatin da huɗu ina tuƙi a kansa."

Na ce, "Me ya hana ka tambayi lamba?"

"Direban lamba bakwai ya tsaya yana tambayar mutane wace ce lamba bakwai?"

"To tsayuwar me kake yi kullum?"

"Saurare nake yi. Ba motar da ba ta da sauti, in ka yi haƙuri. Na ce zan koye su kamar yadda na koyi na dā, in tafi asibitina ba wanda ya sani. Na fara jin wani ɗan zuu in za su tashi. Amma duk bakinsu ɗaya."

Na ce, "Ni fa? Hawa ɗaya ne tsakaninmu. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ce, "Na so in gaya maka, rannan a bakin matakala. Kafin in gama jan numfashi ka naɗa ni shugaba. Kuma ka ji daɗi ƙwarai. Rabon da in ji ka kana hawa matakala da gudu tun kafin ka yi ritaya. Sai na ce bari in ƙyale yaro ya yi wasansa."

Yaron da yake nufi shekararsa sittin da shida.

Washegari na riƙe hannunsa muka shiga lamba bakwai. Likita ya haska, ya auna, ya sake aunawa, ya kashe fitilarsa. Ya ce saura bambance haske da duhu, kuma shi ma sai an yi da gaske za a riƙe shi. Ya dubi katin, ya dube ni, ya ce, "Wata biyar. Ba shi da kowa ne a gida?" 'Yata, ni da ban taɓa rasa amsa ba, na tsaya ina kallon takalmina.

Saura abu ɗaya. A hanyar dawowa na tambaye shi dalilin da ya sa ya ce kada ki zo. Ya ce, "Za ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa shiru, irin tsayuwar uwarta, ni kuma in ce wane ne. Gara ta ɗauka fushi nake."

Baffanki

21 ga Yuli

Baffa,

Ina gaishe ku duka. Lafiyar jiki akwai.

Wasiƙunka biyu tare suka zo, a ɗaure da roba ɗaya. Ta Mayu na fara buɗewa, na yi ta dariya a kan makaniken da ya nemi a ƙara sukari cikin tsarin mulki. Sannan na buɗe ɗayar.

Ka daina kallon takalminka kai kaɗai, matsa min in tsaya kusa da kai. Ni ce na ji abin da likita ya faɗa da kunnena. Ka rubuto min cewa yana bin jikin bango, cewa ya zuba shayi a tebur, cewa ya ba ka takarda ka karanta masa. Duk suna nan, na sake dubawa, da hannunka. Ban ga ko ɗaya ba, ina can ina neman inda aka zage ni.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba. A zanen motocin nan akwai lasifika a waje, bisa ƙofa, wadda za ta riƙa faɗin lamba da inda za a je duk lokacin da aka tsaya. Da lokaci ya ƙure aka yi taro aka ce a bar ta sai zubi na biyu, ai mutane shiru suke so, kuma ga lamba nan da fitila kowa yana gani. Mu tara ne a ɗakin. Ni ma na sa hannu. Har na ce a raina, Baba zai sami barcin rana.

Na rubuta wa manyanmu jiya, na kai da kaina. Sun ce za a saka kafin ƙarshen shekara. Na san za ta amfani wani. Ka gaya wa Baba wannan duka, kada ka gyara min, kada ka sa masa tawada kala biyu.

Na ajiye aikin nan ga mataimakina. Zan iso ranar tara ga Agusta, in Allah ya so. Ko ya ce kada in zo.

'Yarka

29 ga Yuli

'Yata Injiniya,

Gaisuwa da fatan wannan ta riga ki barin can. Gwiwata ta daina ƙorafi tunda ta ga abin da ya fi ta. Kotun Ƙoli tana gaishe ki. Ba ta ce min "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Yanzu ita ke ɗiga wa Yaya magani safe da yamma, kwalbar a aljihunta take kwana. Yana gane taga daga bango, yana gane in an kunna fitila. Likita ya ce mu riƙe wannan da hannu biyu.

An rushe ƙungiya. Tela ya yi kuka, mai kanti ya ce shi dama ya lura amma ya ga manya sun yi shiru, makanike ya tambaya ko shayin ma an rushe.

Na karanta wa mahaifinki wasiƙarki daga gaisuwa har sa hannu, da muryata ta gida. Da na kai batun lasifika sai ya ɗaga hannu, na dakata. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya ce in ɗauko alƙalami, ga saƙonsa:

"Ka ce mata na shiga motarta sau shida yanzu. Ba ta girgiza, ba ta wari, tana shan kwana kamar ruwa a kwata. A hawan gada ko nishi ba ta yi. Na yi shekara talatin da huɗu ina haɗiyar hayaƙi ina cewa sana'a ce. Wanda ya haɗa motar nan ya san aiki. Sai dai birkin yana kamawa da wuri, ta gaya musu. Batun lasifika kuma, ni ma na taɓa barin fasinja a titi don ina sauri, ban san ko wane ne ba har yau. Ta zo. Amma in ta iso kada ta tsaya shiru a ƙofa. Ta fara magana tun daga matakala, ko zagina ne, don in san ta inda zan juya."

Na tambaye shi ko in ƙara da cewa yana kewarki. Ya ce magatakarda ba ya ƙarawa.

Saura shari'ata. Babban laifin na nemi kotun da za ta saurare shi, ban samu ba, domin wanda aka cuta ya ƙi shigar da ƙara. Ya ce in na sake tayar da maganar zai koma kirana da sunan da ake kirana ina yaro, a cikin bas, da ƙarfi. Don haka sai ƙaramin laifi, wanda ina da hurumi a kansa.

Jiya muna kan gada za mu asibiti, ina zaune a bakin taga shi yana gefena. Sai ga kogi ya bayyana tas har can ƙarshensa, ba hazon hayaƙi, ga fararen tsuntsaye jere a bakin ruwa. Kafin in san abin da nake yi na dafa gwiwarsa na ce, "Yaya, dubi can!" Ya juya kansa ta inda na nuna da murya, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Kai, madalla."

Bayan nazarin hujjoji, an sami wanda ake tuhuma da laifin sakin baki a cikin motar haya. An ci shi tarar kujerar taga na tsawon mako biyu, za a miƙa ta ga Yaya, wanda ya ce yana son iskar a fuskarsa. An kuma rage wa mai laifin sukarin shayi cokali ɗaya. An karanta wa mai laifi hukuncinsa, ya ce ya ji.

Baffanki